Azumin da Mma Ta Kwance Galan

Shekaranjiya na bar famfon tsakar gida a buɗe na tafi sallar la'asar. Kafin ku ce ba ni da hankali, ku sani cewa a gidanmu na unguwar Nima, a Accra, haka ake yi. Famfon ya saba yin shiru, don haka sai a buɗe shi a tara bokiti, wanda yake kusa ya kasa kunne. Ni dai na manta bokitin, kuma na manta cewa ni ne mai kasa kunnen. Da na dawo, tsakar gida ta zama tafki. Silifas ɗin maƙwabcinmu Baba Sule har ya kama hanyar ƙofa, da na ƙara jimawa kaɗan da a can unguwar Adabraka za a tsinto shi.

Mma, mahaifiyata, tana tsaye a bakin ɗaki, ta ɗage zani. Na shirya kunnuwana, amma ba ta zage ni ba. Ta bi ruwan da ido yana gangarawa gota, wato kwata, ta ce, "Basit, ka san galan nawa ke nan?"

Wuyana ne ya sani, don shi ya ɗauka.

Abin ya faru a zamanin da, wato lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare, gemuna bai fito ba. Har yanzu ma gashi uku ne, amma ana lallaɓawa. A shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar zafin da yake zuwa kafin ruwan sama. Ana cewa Accra bakin teku take, to iskar tekun ba ta san hanyar lungunmu ba. Kwanon rufi yakan ɗau zafi tun hantsi, ya riƙe shi har bayan isha. Ga dumso, wato ɗauke wuta, sai fanka ta tsaya ta zuba mana ido mu ma mu zuba mata. Idan ka kwanta a tabarma ka tashi, za ka ga siffarka a jiƙe kamar an zana. Famfo kuwa ya mutu tun kafin a ga wata. In ka murɗa shi sai ya yi tari sau ɗaya kamar tsoho, ya yi shiru.

Mma koko da ƙose take sayarwa a bakin titi, kuma a azumi kasuwarta da yamma take ci. Wanda yake shan koko bai san ruwan da koko yake sha ba. A wanke gero, a jiƙa shi, a kai niƙa da citta da kanumfari, a tace, a sake tacewa, a tafasa ruwan damawa. Wake ma a jiƙa, a surfe, a wanke. Ga kwanuka, ga kofuna, ga babbar tukunyar da ni da kaina zan iya yin wanka a ciki. Babanmu yana tashar Tudu yana lodin motocin arewa, amma kowa a gidan ya san cewa tukunyar nan ce take riƙe da mu.

Ruwanmu a unguwar Maamobi muke samu, wurin Hajiya Fusena mai tanki. Motar ruwa takan zo ta cika mata, ita kuma ta sayar wa unguwa. Da jama'a suka yi yawa har aka fara ba hammata iska, sai Hajiya ta fito da tsarin igiya. Doguwar igiya ce, an ɗaure kanta a ƙarfen tankin, kowane gida ya zura galan ɗaya ta hannunsa. Galan ɗin nan shi ne kai. Yana kwana a wurin, yana yini a wurin. Idan mota ta zo, daga kan igiya ake farawa, a bi gida gida har inda ruwa ya ƙare. Dokar guda ce: wanda ya kwance galansa ya koma wutsiya. Su kuwa 'yan wutsiya, sau da yawa ƙarar tanki kawai suke ji.

Mma tana kusa da kan igiya, don tun ranar da aka ɗaura ta ta je. Wannan gurbin ya fi mana kujerar jirgi. Bayan sahur da sallar asuba mukan fita, ni da ita, gari bai gama wayewa ba, ƙafafu suna ja. A cika mana, mu yi sawu uku ko huɗu kafin rana ta buɗe ido, sannan in sa rigar makaranta a kan gumin. Wahala ce, amma wahala mai iyaka. Ka san za ka dawo da ruwa.

Wata safiya, a farkon azumin, wata mata ta zo wurin igiya da kyamara mai dogon baki, tare da wani saurayi mai yi mata tafinta. Manya suka kau da kai, mata suka ja mayafi. Ni kuwa Allah ya yi ni da son a gan ni. Na ɗauki galan biyu, ɗaya a ka ɗaya a hannu, na lanƙwasa baya, na saki leɓe, na yi fuskar wanda bai ga ruwa ba tun ranar suna. Galan ɗin duka biyu babu komai a ciki. Matar ta biyo ni har bakin lungunmu tana ta ɗauka.

"Me za a yi da shi?" Mma ta tambayi tafintan.

"Don duniya ta ga halin da kuke ciki, Mma," in ji shi.

"Duniya ta kawo bokiti," in ji Baba Sule, yana wucewa da butarsa.

Muka manta da su. Bayan 'yan kwanaki sai ga abokina Razak a guje da wayar yayansa, yana haki kamar ba mai azumi ba.

"Cale, abokina, ka shiga waya! Kai ne, wallahi kai ne!"

Ni ne kuwa. Ga kaina kamar goruba, ga leɓen da na saki, ga bangon lungunmu mai shuɗin fenti, har da akuyar Baba Sule a gefe. A sama an rubuta da manyan haruffa, da Turanci, cewa wata ƙungiya za ta haƙa rijiyoyin burtsatse a Zongo kafin Sallah. A ƙasar nan, unguwar Musulmi irin tamu ita ake ce wa Zongo. A ƙarƙashin hoton akwai wasu ƙananan haruffa. Na gan su. Kalmar farko doguwa ce, ni kuma ina azumi, sai na tsallake ta. Shi kansa labarin ban karanta ba. Wa yake karanta labari alhali fuskarsa tana sama?

Na shiga gida ina ihu. Mata suka fito da ludayi a hannu. Mma ta goge hannu a zani ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta kusanto da ita.

"Bangonmu ne," ta ce. "Karanta mini."

Na karanta, na fassara, na ƙara gishiri. Na ce rijiya za a haƙa a Zongo. Na ce tunda bangonmu aka nuna, ai a lungunmu ne. Na ce da injin za a zo, da tanki mai hawa biyu. Ban san inda na samo hawa biyun ba.

"Ka tabbata, Basit?"

"Mma, ni fa nake zuwa makaranta."

Ranar kowa a gidan ya kira ni da sunana na gaskiya. Babu mai cewa "kai ɗan banzan nan". Da aka sha ruwa, Mma ta ba ni ƙose har na kasa tashi sallar magariba da sauri.

A can wutsiyar igiya akwai wata matashiya, Sakina, ba ta daɗe da zuwa daga Nijar ba, mijinta yana tura baro a kasuwa. Tagwaye ta haifa ana saura kwanaki a fara azumi. Kullum mukan wuce ta tana zaune a kan galan, ɗaya a baya ɗaya a cinya, kuma kullum tanki yakan ƙare kafin a kai gare ta. Mma takan zuba mata rabin bokiti idan mun samu. Washegarin labarin waya, da muka isa, Mma ta durƙusa ta fara kwance galanmu.

Hajiya Fusena ta leƙo ta taga. "Adiza, lafiya? Kin san doka fa."

"Na sani, Hajiya. Mu rijiya za a haƙa mana kafin Sallah. Kwanakin da suka rage ma lallaɓa. Yarinyar nan ta dawo gurbina."

"Wa ya ce za a haƙa?"

"Ɗana ya karanta."

Hajiya ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Wannan?" Ta ja tagarta.

Sakina ta taso daga kan galanta. Ta riƙe hannun Mma tana ta addu'a da irin cikakkiyar Hausarsu ta can, har na ji kamar a rediyo. Ni kuwa na tsaya ina hura hanci, kamar da hannuna na haƙa rijiyar.

Kwanakin farko a wutsiya ba su dame mu ba. In ba mu samu ba, mu wuce unguwar New Town, inda wani gida yake da rijiya, mu hau tudu mu sauko. Mma takan ce, "Saura kaɗan." Duk motar da ta tsaya a bakin lungu, sai yara su ruga su duba ko injin ne. Sau ɗaya har mun yi wa motar kwasar bola tafi.

Malamar Turancinmu, Madam Akosuwa, ba Musulma ba ce, amma tana tausayinmu a azumi. In za ta sha ruwa sai ta juya ta fuskanci allo. Abin da ba ta sani ba, muna jin ƙarar maƙogwaronta har layin baya, kuma wannan ya fi gani ciwo. Wata ranar Litinin, ajin ya yi zafi kamar tanda, rabinmu mun kifa kai a tebur, ta shigo tana murmushi ta rubuta kalma ɗaya a allo: illustrative.

Na gane ta. Ita ce doguwar da na tsallake.

Ta ce siffa ce, ana faɗinta ga abin da aka kawo don ya nuna yadda wani abu yake. Ta ɗaga littafin kimiyya ta buɗe zanen zuciya. "Wannan zuciyar wa ce?"

"Ta Razak," wani ya ce daga baya. "Shi ya sa ba ta motsi."

Aka yi dariyar masu yunwa, gajeriya. Madam ta ce ba ta kowa ba ce, an zana ta ne don mu fahimci kowace zuciya. Ta ce mu tuna ledar taliya, wadda ake zana mata cinyar kaza da ƙwai a jiki. "Wa ya taɓa buɗewa ya samu kaza?" Babu. Ta ce haka ma in malami yana bayani ya kawo labari ko lissafi don a gane, ana kiran wannan misalin da kalmar. Abin yana nuna maganar, yana haska ta, amma ba lallai ya zama shi ne ainihin abin da ake magana a kai ba.

"Kuma yau mun yi sa'a," in ji ta, ta ciro wayarta. "Muna da misali mai rai a aji. Basit, taso."

Na taso ina gyara kwala. Ta ɗaga hotona aji ya gani, aka yi tafi, na ɗan rusuna.

"Karanta abin da ke ƙarƙashi."

Na karanta. An ce hoton na misali ne kawai.

"Yanzu karanta layin farko na labarin."

Na karanta. Zongon da ake nufi yana wani gari can arewa, tafiyar yini guda a mota. Sunan garin yana nan ɓaro-ɓaro, tun ranar yana nan.

"Kun gani?" in ji Madam, tana jin daɗin darasinta. "Ba su da hoton can, sai suka ɗauki na wani yaro mai galan, don mai karatu ya ga yadda rashin ruwa yake. Basit ba shi ne labarin ba. Basit kazar jikin leda ce."

Aji ya fashe. Razak ya faɗo daga benci. Ni ma na yi dariya, don ban san me zan yi da fuskata ba. Galanmu kawai nake gani, a can ƙarshen igiya, kusa da gota.

Da aka tashi ban bi hanyar gida ba. Na nufi Maamobi wurin Hajiya Fusena, na gaishe ta har ƙasa, na fara kame-kame.

"Ni ba na ɗaurawa, ba na kwancewa," ta ce. "In na taɓa igiyar nan sau ɗaya, gobe sai an kira 'yan sanda. Ka je wurin wadda aka ba."

Na je. Ɗakin Sakina ɗan ƙarami ne a bayan wani shago. Igiyar shanya cike da tsummokaran jarirai, ɗaya yana kuka, ɗaya yana shirin karɓa. Ta gan ni ta washe baki.

"Ɗan Mma! Ka ga, yau har wanka na yi musu su biyu. Yaya maganar rijiyarku?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ana nan ana shiri." Sai na tsinci kaina ina matsar mata da galan zuwa inuwa.

Na samu Mma a bakin titi tana juya ƙose, hayaƙi yana shiga mata ido, leɓenta ya bushe ya yi fari. Na tsuguna kusa da murhu na faɗa mata duka, har da kazar. Ba ta daina juyawa ba. Ta kwashe wanda ya soyu, ta zuba sabo.

"Wato hotonka ne, amma ruwan na wasu."

"E, Mma."

"Su can ɗin Musulmi ne?"

"Zongo ne, Mma."

"To, Allah ya sa su sha lafiya." Ta miƙo mini matsami. "Riƙe nan, bayana ya gaji."

Da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Baba Sule ne ya biya mini wannan buƙatar da baki. Har aka yi Sallah, in ya gan ni sai ya ce, "Injiniya, ina hawa na biyu?"

Labari ba ya ɓuya a Nima. Kwana biyu bayan nan Sakina ta zo gidanmu da tagwayenta, idonta ja, ta ce ta kwance galanta, Mma ta koma gurbinta.

"Koma ki ɗaura kafin wani ya shige," in ji Mma.

"Mma, sana'arki fa."

"Ina azumi na ba ki. Kina so in je in ce wa Allah kuskure ne, ɗana bai iya karatu ba? Tashi, yaran nan suna shan rana."

Daga nan azumin ya zama abu ɗaya mai tsawo. Sahur, sallah, tudun New Town. Layin can ma ya ƙaru, don ba mu kaɗai muka gano shi ba. Mukan dawo rana ta riga ta take, ruwan yana tsalle a cikin galan kusa da kunnena, ni kuma ko yawu babu a bakina. Babu azabar da ta kai ka ɗauki ruwa a ka kana jin ƙishi. Na fara makara a makaranta, na fara barci a ajin Madam, ita kuma ta daina kiran sunana, ina jin wani ya gaya mata. Ruwan da aka wanke gero da shi, da shi ake wanke kwanuka, a ƙarshe a kai bayan gida. Wanka ya koma kofi uku. Alwala kuwa, Baba Sule ya koya mana yadda ake yinta da abin da bai cika murfin buta ba.

Hadari yakan haɗu da yamma, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe ledoji, mata su fito da bahuna da tukwane. Sai mu ji ƙamshin ruwa, a wata unguwar. Babanmu ya dawo daga Tudu da rigarsa a jiƙe, mu kuwa ko ɗigo.

Mma ta sauka daga babbar tukunya zuwa ƙarama. Masu saye suka zo suka tarar ya ƙare, gobe suka sake zuwa, jibi suka tsallaka titi wurin wata. A goman ƙarshe, muna saukowa daga tudu, ta tsaya ta ce in sauke mata. Na sauke. Ta dafa bango ta daɗe, sannan ta zauna a kan galan ɗin a gefen hanya, mutane suna wucewa. Ban taɓa ganin Mma ta zauna a hanya ba.

"Gobe ba zan jiƙa gero ba," ta ce. "In huta kwana biyu."

Ruwan sama ya sauko ana jibi Sallah, da rana tsaka. Muka bar na farko ya wanke kwanon rufi, sannan muka tara duk abin da yake da baki, har da babbar tukunyar koko. Yara suka yi ta tsalle tsirara. Ni na tsaya a ƙarƙashin indararo da kayana, baki a rufe gam saboda azumi, ruwa yana dukan wuyana daidai inda yake ciwo. Babban gota ya cika ya kwashe bolar unguwa. Bayan Sallah da 'yan makonni famfo ya yi tari, ya kawo. Hajiya Fusena ta naɗe igiyarta.

Kalmar kuwa ta zauna mini daram. Ta fito a jarrabawa, na ci. Hoton ma bai mutu ba. Bara Razak ya sake nuno mini shi a kan labarin wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, da 'yan ƙananan haruffan nan a ƙasa. Ina nan dai da leɓena a sake, ina wakiltar ƙishin mutanen da ban sani ba, da galan biyu marasa komai. Yanzu in aka miƙo mini waya, daga ƙasa nake fara karatu.

Tagwayen Sakina suna gudu yanzu, kuma duk azumi takan aiko su da kwanon fura. Rijiya dai ba a haƙa mana ba. Kwana biyun da Mma ta ce za ta huta ba su ƙare ba har yau, don bayanta bai koma daidai ba, kuma wata ta riga ta kafa tebur a gurbinta na bakin titi. Gawayi take sayarwa a ƙofar gida. Babbar tukunyar tana tsakar gida, ruwa muke tarawa a ciki. Shekaranjiya ma tana nan kusa da famfon, babu komai a cikinta.